Shaida da Farashinta: Jigon Kare Mai Ba da Shaida a Ƙagaggun Labaran Mafiya

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggun labaran miyagun ayyuka da bin sawu suna cikin rubutun zube da ya fi samun kasuwa a Turai da Amurka, ko da yake masu nazari sun daɗe suna ɗaukarsu abin rage dare kawai. A wannan takarda za mu dubi reshe ɗaya nasu, wato labaran da aka gina a kan mutumin da ya san asirin ƙungiyar miyagu, hukuma na so ya faɗa a gaban alƙali, ƙungiya kuwa na so ta rufe masa baki har abada. Mun zaɓi marubuta uku: Leonardo Sciascia na Italiya, da John Grisham na Amurka, da Tonino Benacquista na Faransa.

Ra'ayinmu shi ne, shaida a kan irin waɗannan ƙungiyoyi tana da farashi iri biyu. Akwai wanda mai shaidar ke biya, da sunansa da danginsa da garinsu. Akwai kuma wanda jama'a ke biya, idan hukuma ta yafe wa mai laifi don ta kama wanda ya fi shi. Da wannan ma'auni za mu auna littattafan: wanne ya sa mai karatu ya ga farashin duka biyu, wanne kuma ya ɓoye ɗaya don labari ya yi daɗin ƙarewa?

2.0 Tushen Jigon

Kafin mu shiga littattafan, ya kamata mu san abin da marubutan suka tarar a ƙasa. Ƙarfin Mafiya, a Sisili da Amurka, ya dogara ne a kan wata ƙa'ida da suke kira omerta, wato kame baki a gaban hukuma ko da kai aka cuta. A shekarar 1963 Joseph Valachi ya karya wannan ƙa'ida a gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka, aka nuna shi a talabijin yana bayyana tsarin ƙungiyar da suke kira Cosa Nostra. A lokacin babu wani shiri na musamman don irinsa, a kurkuku ya ƙare rayuwarsa a 1971.

Dokar yaƙi da ƙungiyoyin miyagu ta 1970 ita ce ta kafa tsarin kare shaidu na tarayyar Amurka. Wani lauyan Ma'aikatar Shari'a, Gerald Shur, shi ya tsara shi, dogarawan kotunan tarayya kuwa su ke gudanar da shi. Akan ba mai shaida da iyalinsa sabon suna da sababbin takardu, a kai su garin da ba wanda ya san su, a tallafa musu har su sami abin yi, bisa sharaɗin ba za su koma gida ba, ba kuma za su nemi tsofaffin abokai ba. Daga 1971 zuwa yanzu an ɓoye mutum fiye da 19,000, shaidu da iyalansu. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan shaidun su ma masu laifi ne. Misali, Salvatore Gravano, wanda shaidarsa ta sa aka ɗaure John Gotti a 1992, ya amsa cewa da hannunsa a kisan mutum 19, amma ɗaurin shekara 5 aka yanke masa. Wani kuma, Marion Pruett, yana cikin tsarin ya kashe mutane a jihohi daban-daban a 1981. A 1984 aka yi wa dokar gyara, aka sa sai an auna haɗarin da mai shaida zai jawo wa sababbin maƙwabtansa kafin a karɓe shi.

3.0 Sciascia: Shaida Ba Mafaka

Littafin Sciascia, Il giorno della civetta, wato Ranar Mujiya, ya fito a 1961, shekara 9 kafin dokar Amurka, shekara 30 kuma kafin Italiya ta yi tata dokar ta kare tubabbun 'yan Mafiya a 1991. Labarin ya buɗe da sassafe a dandalin wani ƙaramin gari na Sisili, inda aka harbe wani ɗan kwangilar gini, Salvatore Colasberna, yana ƙoƙarin shiga bas. Kafin jami'an tsaro su iso, fasinjojin sun zame ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuwa kowa ya ce bai ga kome ba. Kyaftin Bellodi, baƙo daga Parma a arewacin ƙasar, shi aka ɗora wa binciken.

Mutum biyu ne suka san wani abu. Paolo Nicolosi, mai sana'ar sassabe itatuwa, ya yi kiciɓis da mai kisan, daga ranar ba a sake ganinsa da rai ba. Calogero Dibella kuwa, ɗan rahoton jami'an tsaro, ya furta suna, sa'an nan ya kwana da sanin cewa baki shi ke yanka wuya. Kafin a harbe shi ya aika wa Bellodi da takarda mai sunan babban ubangidan, Don Mariano Arena. Duk da haka shari'ar ta rushe, domin wasu masu mutunci sun rantse mai kisan yana wani wuri a lokacin, aka mayar da zancen rikicin kishi.

A ganinmu wannan littafi shi ne harsashin jigon, ko da yake babu tsarin kariya a cikinsa. Sciascia bai zana fasinjojin nan a matsayin matsorata ba. Ya nuna mutane ne masu lissafi, waɗanda suka san hukuma za ta karɓi maganarsu ta bar su da abin da zai biyo baya. Sashen da ya bayyana fargabar Dibella a kwanakinsa na ƙarshe ya fi duk wata fafara da mota da muka karanta a irin waɗannan labarai tayar da hankali, alhali kusan ba abin da ke faruwa a cikinsa sai tunanin mutum ɗaya. Rauninsa a ma'auninmu shi ne, da yake hukuma ba ta yi ciniki da kowa ba, farashi na biyu bai taso ba.

4.0 Grisham: Mafaka a Matsayin Ƙofar Rufe Labari

A The Client (1993) tauraron labari yaro ne ɗan shekara 11, Mark Sway, da ke zaune da uwarsa da ƙanensa a unguwar talakawa a Memfis. Ya ci karo da wani lauyan Mafiya, Jerome Clifford, da ya zo daji don ya kashe kansa, kafin ya mutu kuwa ya gaya wa yaron inda aka binne gawar Sanata Boyd Boyette. Daga nan Mark ya shiga tsaka mai wuya. Mai gabatar da ƙara, Roy Foltrigg, yana so ya yi suna da shari'ar, mutanen Barry Muldanno kuwa sun ƙone gidansu don gargaɗi. Yaron ya ɗauki wata lauya, Reggie Love, da dala ɗaya.

Ba mu musun gwanintar Grisham wajen zubi da tsari. Babi-babinsa gajeru ne, kowanne yana ƙarewa da ƙugiyar da ke jan mai karatu zuwa na gaba. Ya kuma yi adalci wajen nuna cewa hukuma ma tana iya zama abin tsoro ga mai shaida, domin har tsare yaron aka yi saboda ya ƙi magana. Haka nan rabuwar Mark da Reggie a filin jirgin sama, da sanin ba za su sake haɗuwa ba, ta taɓo farashi na farko.

Amma fa akwai wuraren da muke da ja. Na farko, da marubucin ya zaɓi yaro marar laifi, ya kauce wa tambayar da ta fi nauyi, domin ba mai karatun da zai yi jayayya a kan ko Mark ya cancanci kariya. Na biyu, labarin ya ƙare daidai lokacin da jirgi ya tashi, wato a wurin da wahalar mai shaida ke farawa. Ba mu ga Mark yana koyon amsa sunan da ba nasa ba, ba mu ga uwarsa tana ƙarya ga maƙwabta kullum ba. Tsarin kariya ya zama ƙofar da marubuci ya tura taurarinsa ya rufe, kamar yadda mai tatsuniya ke aurar da yarinya ga ɗan sarki ya ce ƙurunƙus. Don a ga nisan wannan da abin da ke faruwa, a watan Nuwamba na shekarar da littafin ya fito Mafiyar Sisili ta sace Giuseppe Di Matteo, ɗan shekara 12, saboda ubansa ya tuba yana ba da shaida. Sun riƙe shi kwana 779, suka kashe shi a Janairun 1996.

A littafinsa na baya, The Firm (1991), Grisham ya bi wata hanya. Mitch McDeere, sabon lauya, ya gano kamfanin da ya ɗauke shi aiki na wani gidan Mafiya ne na Shikago. Ya yi ciniki da hukumar bincike ta FBI, amma da wani jami'inta ya sayar da asirinsa, sai ya kwashi kuɗi ya tsere tsibiran Karibiyan da matarsa da wansa. A nan ma asarar suna da gida ta koma hutu a bakin teku.

5.0 Benacquista: Bayan an Rufe Ƙofa

Malavita (2004) ya fara daga inda Grisham ya tsaya. Giovanni Manzoni, tsohon jigon Mafiya da ya tona asirin abokansa, an ɓoye shi da matarsa da 'ya'yansa biyu a wani ƙagaggen ƙauye a Nomandi ta Faransa, da sunan Fred Blake. Jami'an FBI suna gadinsu daga wani gida na kusa. Sai dai hali zanen dutse: matar ta cinna wa wani kanti wuta don an yi musu gori, shi kuma maigidan duk wanda ya ɓata masa rai sai ya ji a jikinsa. Da ya tsinci tsohuwar tafireta, sai ya shiga rubuta tarihin rayuwarsa, abin da ya fi kome haɗari ga mai ɓuya.

Wannan dabara ta tafireta ita ce mafi kyawun abin da ke littafin. Mutumin da aka raba da sunansa ba ya iya haƙura sai ya gaya wa wani ko shi wane ne, ko da takarda ce. Akwai makamancin haka a zahiri: Henry Hill, wanda ya shiga tsarin a 1980, yana ɓoye ya ba Nicholas Pileggi labarinsa, aka buga shi da sunan Wiseguy a 1985, aka kuma yi fim ɗin Goodfellas da shi a 1990. Benacquista ya san da wannan, har ya sa aka nuna fim ɗin a ƙauyen, aka gayyaci Fred ya yi sharhi.

A cikin marubutan uku, shi kaɗai ya sa mai laifi a tsakiyar labari, ya kuma nuna maƙwabtan da aka ajiye wa kura a garke ba da saninsu ba. Ke nan ya ga farashi na biyu. Inda ya gaza shi ne salon barkwanci da ya zaɓa. Waɗanda Fred ya daka an zana su yadda mai karatu zai ji sun cancanci duka, saboda haka dariya ta wanke laifin, mai karatu ya rufe littafi yana goyon bayan mai kisa, bai tambayi kansa me ya sa ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu ga cewa babu ɗaya daga cikin littattafan da ya cika ma'aunin gaba ɗaya. Sciascia ne muka fi yabawa, domin bai sayar wa mai karatu kwanciyar hankalin da babu ita ba. Grisham ya fi su iya riƙe mai karatu, amma ya sauƙaƙa wa kansa aiki da tauraro marar laifi da ƙarshe mai daɗi. Benacquista ya ɗauko tambaya mai nauyi, ya sauke ta da raha. Littafin da zai bi mai shaida mai jini a hannu, ya nuna kaɗaicinsa ba tare da ya wanke shi ba, ya kuma ba dangin waɗanda ya kashe baki su yi magana, shi ne zai kai wannan reshe matsayin da ya kamata.

Batun ya shafe mu ta fuskar koyarwa da nazari. Adabin Hausa yana da labaran ƙungiyoyin miyagu tun 1982, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Nazarin da aka saba yi musu yakan tsaya a kan mugu da sakamakonsa. Muna ba da shawara ga malamai da ɗalibai su ƙara wata tambaya idan suna warware jigon irin waɗannan littattafai: wa ya gani, me ya hana shi faɗa, in kuwa ya faɗa, me marubucin ya yi da shi bayan an gama shari'a?