Labarina da Sunayen da Ba Ma Karantawa

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a nan Bukan Sidi daren Juma'a ya san yadda abin yake. Waya ɗaya, kawuna biyar, ana kallon sabon kashi na Labarina. Da an zo ƙarshe sunaye sun fara hawa, sai mai wayar ya danne, wai data na tafiya. To ni wannan wurin da ake dannewa shi nake so mu duba, domin rabin yaran unguwar nan da ke cewa suna son harkar fim, a nan abincinsu yake, ba su sani ba.

Aminu Saira ya fara sakin Labarina a 2020, a tashar Arewa24 da shafinsa na YouTube, shekarar da Izzar So na Lawan Ahmad shi ma ya fito. Kafin nan kasuwa ta sha wuya. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, furodusa aikinsa ya yi fim ya kai wa 'yan kasuwa, irin na Ƙofar Wambai a Kano, su buga kaset ko faifai, su baza a ƙasa. Fosta da kwali su ke tallar fim. Da satar fasaha da masu tura finafinai a waya suka kashe faifai, sai ya zama mai fim shi ne ɗan kasuwar kansa. Shi zai nemo mai zana hoton da za a ɗora a fuskar bidiyo, shi zai yanka ɗan tsakure ya watsa a Facebook da TikTok, shi zai bi masu shaguna su ba da talla.

Abin da ya ɗaga Labarina sama da tsararrakinsa, a ganina, sauti ne da nutsuwar kyamara. Ka saurara da kyau: ana magana a tsakar gida, kana jin kowace kalma, ba iska, ba kukan janareto. Kyamara ba ta rawa, ba ta yawan kutsawa cikin fuskar mutum don dai a nuna an iya. Hirar kuma Hausa ce ta mutane, irin wadda ake yi a zaure. Dubi Baba Ɗan Audu da Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa. Kowa cikinmu ya san tsoho irinsa, mai bakin zuma da zuciyar kwaɗayi. Rikadawa gwani ne, ba musu, amma wani ne ya zauna ya rubuta masa maganganun, wani kuma ya san daidai daƙiƙar da zai yanke hoton kafin dariyar ta huce.

Sai dai fa fim ɗin yana da ciwon da kusan duk masu dogon zango ke fama da shi: jan rai. Maganar da za a gama a minti biyu sai a shimfiɗa mata tabarma. A nuno mutum yana tunani, kiɗa na bin sa, a dawo mana da abin da muka gani makon jiya kamar mun manta. Na san dalili, tsawon kashi da yawan kallo su ke kawo kuɗin talla. Amma mai kallo da ya sayi data da guminsa shi ma yana lissafi.

Wani abu da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda sunan ya fi ƙarfin fuskoki. Nafisa Abdullahi ta bar matsayin Sumayya, Fati Washa ta karɓa, fim bai mutu ba. Daga baya ma aka ɗauko sabon labari gaba ɗaya da Sadiq Sani Sadiq, jama'a suka ci gaba da bi. Wannan aikin masu talla ne da masu tsara suna. Sun sa mutane sun yarda da kalmar Labarina yadda uwar gida ke yarda da tambarin buhun shinkafa.

Kwanan baya wasu samarin unguwa suka turo min ɗan gajeren fim ɗinsu na barkwanci. Wallahi akwai basira, na yi dariya. Amma sun ɗauka a bakin titin Jos, ƙarar Keke Napep da tireloli ta cinye rabin maganar. Rubutun da ke kan hoton ba ƙugiya ko ɗaya, "ƙasa" ta koma "kasa", ma'ana ta juye. Da na ƙirga su, su bakwai ne, kuma duk bakwai ɗin sun fito a ciki. Na ce wa ya riƙe wayar? Suka ce karɓa-karɓa suka yi. Kowa na son a gan shi, ba mai son ya zama mai sauti ko mai tacewa.

Alhali nan ne kuɗin ya fi tabbas. Jarumi sai an kira shi. Wanda ya iya CorelDraw ko Canva kuwa, ko ba fim, akwai katin biki, akwai allon shago, ga fostocin 'yan siyasa da ba sa ƙarewa a babban birnin jiha kamar Lafiya. Wanda ya iya tace bidiyo, ko da CapCut ne a waya, masu kamu da walimar sauka suna nemansa. Mai son karatun abin sosai, makarantar koyon fim ta ƙasa tana Jos, ƙarƙashin hukumar finafinan da Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, kuma daga nan ta Akwanga ba wata tafiya ba ce.

Na ce wa yaran su sake ɗaukar fim ɗin a cikin gida da sassafe, su haɗa kuɗi su sayi 'yar makirfon ta maƙalawa a wuyan riga, mutum biyu su haƙura da fitowa. Sun ce za su yi shawara a kan su waye biyun.