Dillali a Rigar Shaida: Nazari kan Fatawar Tallan Kamasho a Intanet

An yawaita tambayar malamai game da matasan da ke yaba kaya a TikTok, Facebook da WhatsApp, suna karɓar kamasho duk lokacin da wani ya saya ta mahaɗin da aka ba su. Amsar da aka fi ji gajera ce: wannan dillanci ne, dillanci kuwa halal ne. Ana kafa hujja da babin ladan dillali a Sahihul Bukhari, inda aka ruwaito cewa Ibnu Sirin, Aɗa'u, Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Hujjar ingantacciya ce, amma ta amsa rabin tambayar ne kawai.

Dillalin shanu a kasuwar Tsafe ko ta Gusau, kowa ya san shi dillali ne. Mai saye ya san akwai la'ada, don haka yana sauraron yabonsa da kunne ɗaya, sa'annan ya buɗe bakin sā ya duba haƙora da kansa. Mai tallan intanet ba ya zuwa da wannan suna. Yana zuwa ne a matsayin wanda ya gwada: na sha maganin na warke, na sayi wayar ban yi nadama ba. Ya bar kujerar dillali ya hau ta mai shaida, alhali Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta ƙi karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani. Ko da an ce wancan hukunci na gaban alƙali ne, illarsa, wato tuhuma, tana nan daram.

Fikihun Malikiyya ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. Sai dai masu sharhin Mukhtasar na Khalil sun ambata cewa idan za a shardanta biyan kuɗi tun kafin a ga kaya, to wanin mai sayarwa ne zai siffanta. Cinikin intanet a nan galibi haka yake: a tura kuɗi, a jira saƙo a tasha. Ga mazaunin Magami ko ƙauyukan Bungudu, wanda rashin tsaron hanya ya sa shiga Gusau ta zama abin tunani, siffantawar ita ce idonsa. To, mai kamasho wanin mai sayarwa ne? A suna, na'am. A aljihu kuwa ribarsu ɗaya ce, kuma ba ya samun ko kwabo sai ciniki ya faɗa.

Mafi muni shi ne yabon da ake saye: taurari biyar da kalaman godiya daga mutanen da ba su taɓa riƙe kayan ba. Wannan ɗan'uwan najashi ne, wato ƙara farashi ba da nufin saye ba sai don a ruɗi wani, wanda hani ya tabbata a kansa a Muwaɗɗa da Sahihai biyu. A mazhaba, idan mai kaya ya san da najashin, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Fatawar “dillanci ne” ba ta ko leƙa wannan haƙƙi ba.

Abin lura, hukumomin da ba su karanta Khalil ba sun riga mu isa wurin. Tsarin ya daɗe. Amazon ta fara nata tun 1996. A 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar da doka mai hana saye da sayar da yabon ƙarya, bayan ta daɗe tana wajabta wa mai talla ya bayyana alaƙarsa da kamfani. A Nijeriya ma an kafa ARCON a 2022 don sa ido kan tallace-tallace, har da na intanet. Zamfara, wadda ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, tana da Hisba, aikin da asalinsa kula da kasuwa ne da mudu.

Abin da ake buƙata daga mai fatawa shi ne tafsili: kamasho ya halatta idan an bayyana shi a fili cikin tallan, mai talla bai yi da'awar gwajin da bai yi ba, bai kuma ɓoye aibin da ya sani ba. Idan kayan magani ne, sai a ƙara tambayar rajistar NAFDAC, domin a nan abin da mai saye ke sakawa cikin haɗari jikinsa ne.