Almakashi mai haƙora ba na kowane kai ba ne

Ana jibi Sallah na kai ɗan ƙanena aski wani shago a nan Achika. Sumar yaron irin mai taurin nan ce da sai an yayyafa ruwa kafin matsefi ya ratsa. Mai askin, saurayi da bai fi shekara 20 ba, ya ajiye kilifa ya zaro wani almakashi da bakinsa ɗaya yake da haƙora. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Baba, na rage cikar suma ne, a TikTok na gani." Ya dinga cusa shi har gindin gashi, wuri guda sau huɗu sau biyar. Da aka taje kan, sai ga ramuka kamar awaki sun shiga gonar wake.

Ni ban ga laifin almakashin ba. Aikinsa ya datse wasu silin ya bar sauran. Masu askin Turkiyya da yaranmu ke kallo a waya gashi miƙaƙƙe suke yi wa aiki, dogon sai ya kwanta ya rufe guntun. Namu murɗaɗɗe ne. Silin da aka datse kusa da fata nannaɗewa yake ya tokare na kusa da shi, bayan mako biyu kai ya yi buzu-buzu. Cikakkiyar suma irin tamu, kilifa bisa matsefi ta ishe ta.

In kuwa dole sai an taɓa almakashin, a taje gashin a bushe, a tsaya can wajen bakinsa, a datsa sau ɗaya, a sake tajewa a duba kafin a ƙara. Yana da rana wajen sajewa tsakanin inda kilifa ta tsaya da sumar sama, ko a kan gashi mai laushi, irin na samarin Fulanin da ke shigowa kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a. Kuma a riƙa goge tsakanin haƙoran da sifirit, don ta kayan aski ƙora ke tsallakawa daga kai zuwa kai.

Ɗan wanzami kan yi shekara da shekaru yana riƙe wa ubansa zabira kafin a miƙa masa aska. Yanzu bidiyon minti ɗaya ya wadatar, a kan yaran mutane ake koyo. Namu dai ƙwal-kwabo aka ƙare da yi masa, ya je Idi da hula har kunne.