Tarken Tsarin Tagwayen Shafi a Mujallar Ray Gun: Hirar Bryan Ferry ta 1994

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da tagwayen shafi a nan shi ne shafuka biyu masu fuskantar juna, waɗanda mai karatu yake gani a lokaci guda idan ya buɗe mujalla. Wannan takarda za ta yi tarken misali ɗaya daga Ray Gun, mujallar kiɗa da waƙa da Marvin Scott Jarrett ya kafa a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a 1992, wadda ta daina fita a 2000. Manufa ita ce a gano iyakar ikon mai tsara shafi a kan rubutun wani.

2.0 Zubi da tsarin da aka saba

A bisa al'ada, ido yakan fara sauka a kan hoto mafi girma, sannan ya koma ga kanu, sannan ƴar gajeruwar shimfiɗa, daga nan ya shiga ginshiƙan rubutu daga hagu zuwa dama. Akan guji sanya fuskar mawaƙi ko wata muhimmiyar kalma a tsakiya, domin ɗaurin mujalla yana haɗiye abin da ya faɗa wurin. Fred Woodward, wanda ya jagoranci tsarin mujallar Rolling Stone daga 1987 zuwa 2001, ya shahara da bai wa hoto shafi guda, ya gina kanu da manyan haruffa a ɗaya shafin, ta yadda siffar haruffan za ta amsa wa hoton. Duk da wannan ado, jikin labarin yana karantuwa.

3.0 Abin da Carson ya yi

David Carson, mai tsara Ray Gun daga 1992 zuwa 1995, ya bijire wa wannan tsari. Yakan ɗora rubutu a kan rubutu, ya cuɗanya samfuran haruffa, ya sauya yadda ake rubuta sunan mujallar daga fitowa zuwa fitowa. A 1994 aka kawo masa hira da Bryan Ferry, mawaƙin Ingila na ƙungiyar Roxy Music. Da ya ga hirar ba ta da armashi, sai ya zuba ta cikin Zapf Dingbats, wato samfurin da Hermann Zapf ya ƙirƙiro, wanda ba shi da haruffa sai taurari da kibiyoyi da almakashi da makamantansu. An sake buga hirar da haruffa masu karantuwa a shafukan baya na wannan fitowa.

4.0 Tarke

Ta fuskar jan hankali, tsarin ya yi nasara. Ginshiƙan suna nan yadda aka saba, saboda haka ido yana ɗaukar su a matsayin rubutu, sai ya matso ya tarar babu kalma. Wannan ya nuna cewa mai karatu yana gane siffar shafi tun kafin ya karanta abin da ke ciki.

Sai dai akwai rauni biyu. Na farko, Carson ya yanke wa hirar hukunci a madadin mai karatu, alhali shi ne ya sayi mujallar, kuma shi ya kamata ya ce ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Na biyu, alamomin ba su faɗi komai game da kiɗan Ferry ba. Da kowane mawaƙi aka yi wa haka, sakamakon ɗaya ne. A wurin Woodward haruffa suna yi wa mawaƙi hidima, a nan kuwa mai tsarawa suke tallatawa. Sake buga hirar a baya ma shaida ce cewa mujallar ba ta iya rabuwa da kalma ba.

5.0 Kammalawa

Ɗalibin Hausa ya san irin wannan shafi, sai dai nasa ba da gangan ba ne. Idan samfurin haruffa ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kwamfuta takan fitar da akwatuna a gurbinsu, ko kuma mai bugawa ya cire lanƙwasar, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Don haka, kafin a yaba kyawun tagwayen shafi, a fara tambaya: shin an bar wa mai karatu hanyar isa ga maganar marubuci?