Gonar da Ba Ta San Fari Ba

Hausawa na cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Idan mai karatu ya lura da inda ake jefa wannan magana, zai ga kusan kullum kan halin ɗan Adam ake yin ta, domin duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ana iya shuka gona guda a tashi babu ko zangarniya. Wuri ɗaya na sani da karin maganar nan ta zama doka wadda ba ta tashi, wato wasannin noma na waya da kwamfuta. Na daɗe ina buga su, kuma ina jin daɗinsu. Amma duk lokacin da na kashe waya na leƙa waje, sai in ga an cire wa gonar cikinsu abu biyu da suka riƙe noma a ƙasarmu: ruwan da ba shi da alkawari, da mutanen da ke ɗaukar ka idan ruwan ya saɓa.

Ya kamata in faɗi inda nake tsaye. Ni ɗan Didawure ne a cikin Sokode, unguwar da fatake suka kafa a kan hanyar goro da ta tashi daga ƙasar Hausa zuwa Salaga a Gwanja. Gadonmu ciniki ne da karatu. Amma kewaye da mu gonakin doya da masara da auduga ne na Kotokoli, kuma kusan kowane gida a unguwar yana da ɗan abin da yake nomawa a bayan gari. Ina kuma yawan hawa arewa zuwa Dapaong, inda dawa da gero suka fi yawa, ana huɗa da garmar shanu, damina kuma ta fi tamu gajarta. Da wannan ido nake kallon wasannin, idon ɗan kasuwa da ya tashi a tsakiyar manoma.

Hay Day, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, shi na fi gani a wayoyin mutane, domin kyauta ake sauke shi kuma ba ya buƙatar waya mai tsada. Kana jan yatsa a kan fili alkama ta fito. Minti 2 ta nuna, masara kuwa minti 5, kuma kowane iri ɗaya biyu yake mayar maka. Ko ka manta da gonar wata guda, za ka dawo ka tarar da amfaninka tsaye yana jiranka, babu tsuntsu, babu gara, babu akuyar maƙwabci. FarmVille na Facebook, wanda ya riga shi fitowa a 2009, a zamaninsa yakan bar shuka ta bushe idan ka yi sakaci. Hay Day ya ɗauke ko wannan ɗan tsoron.

Na yaba da yadda aka ɗaure kowane abu da ɗan'uwansa a ciki. Alkama da masara su zama abincin kaji, kaji su ba da ƙwai, ƙwai su shiga gidan burodi, burodi ya hau mota ya dawo da kuɗi. Sai dai wannan lissafin mai shago ne. Abin da ke hana ka barci shi ne sito ya cika, kuma abin da wasan ke sayar maka da kuɗin gaske shi ne lu'ulu'un da ke gajarta jira. A nan na fara jin wani iri. Doyar da ake binnewa a kunya kafin ruwa ya sauka sai ta haura wata bakwai kafin a haƙa ta, kuma duk arziƙin mutum ba ya sayen kwana ɗaya daga ciki. Wasan da ya mayar da haƙuri abin saye da sayarwa ya taɓa jijiyar noma.

Stardew Valley ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba, kuma shi na fi so. Mutum ɗaya ne, Eric Barone, Ba'amurke, ya yi shekara huɗu da rabi yana haɗa shi, zane da kiɗa da labari duka, ya fitar a 2016. Ya ɗauko salon daga Harvest Moon na Japan, wanda ya fito a 1996, wanda mai shi Yasuhiro Wada ya tashi a ƙauye ya koma Tokiyo yana kewar gida. Wannan asali yana bayyana komai. Labarin na ma'aikacin ofis ne da aiki ya ishe shi a kamfanin Joja, ya buɗe wasiƙar kakansa ya tarar an bar masa gona. Mafarkin ɗan birni ne, kuma an gina shi da kyau: ƙarfinka yana ƙarewa idan ka yi sassabe da yawa, hankaki na cin shuka idan ba ka kafa mutum-mutumi ba, kuma abin da ka shuka a ƙarshen lokacinsa zai mutu da shigowar sabon yanayi. Akwai dare da yawa da na ce kwana ɗaya kawai zan ƙara a cikin wasan, sai ga kiran assalatu.

To amma dubi yadda sama take a can. Shekara kashi huɗu ce, kowane kashi kwana 28 cif. A ɗakinka akwai talabijin da ke faɗa maka yanayin gobe, kuma ba ya saɓawa. Idan ruwa bai zo ba ka ɗebo daga tafkin da ba ya ƙafewa. Ka kwatanta wannan da manomin Dapaong da ya ga hadari a watan Mayu, ruwa ya sauka sau ɗaya, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa: in shuka yanzu, ko wannan na yaudara ne? Idan ya shuka aka ɗauke mako uku, iri ya tafi, sai ya sake nemo wani. Idan ya jira kuma ruwan ya zarce, ya yi latti. Wasu ma binne suke yi, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah. Wannan shawara ɗaya ta fi duk abin da ke cikin Stardew Valley sa gaba faɗuwa, kuma ban ga wasan da ya ba ni ita ba.

Ita kanta gonar, gado ce da babu mai jayayya a kanta. Babu ƙanin uba da zai ce iyakar ba nan take ba. Mu da yawancin gonakinmu aro ne daga masu ƙasa mun san abin da ke tattare da shi, domin wanda aka ara wa fili yana tunani sau biyu kafin ya dasa mangwaro ko kashu, kada a ce yana neman kafa hujja.

Farming Simulator, na kamfanin Giants Software a Suwizalan, wanda ya fara fitowa a 2008, shi ne mai da'awar bin gaskiya sau da ƙafa. Ta fuskar injuna ya cika alkawari. Taraktocin kamfanoni ne na gaske irin su John Deere da Fendt, kuma sai ka koyi juya tirela da baya kamar mai neman lasisi. Akwai ciyawa, akwai taki, akwai bashin banki. Na 2021 ya zo da kalandar shuka, har da dawa a cikin amfanin da ake nomawa. Na yi murna da na gan ta, har sai da na lura dawar can ba ta san ƙuduji ba, kuma tana girma ko an yi ruwa ko ba a yi ba. A wannan wasa ruwan sama cikas ne kawai ga mai girbi. Na 2024 ya ƙara ƙanƙara da guguwa masu lalata amfani, amma har yanzu hankalin wasan yana kan ƙarfe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farashi. Wasan na nuna maka watan da hatsi ke araha da watan da yake tsada, sai ka zuba girbinka a rumbu ka jira. Duk ɗan Didawure ya san wannan dabara, amma ya san ba manomi ke yin ta ba. A kasuwar Sokode kwanon masara na faɗuwa da kaka ya tashi da tsakiyar damina, kuma mai gonar da kaka yake sayarwa, domin kuɗin makaranta da bashin taki da 'yan ƙwadago ba sa jira. A daminar 2022 buhun taki mai kilo 50 sefa 18,000 yake a Togo, bayan tallafin gwamnati ke nan. Mai ajiyewa har farashi ya hau shi ne ɗan kasuwa. Ashe wasan ya ɗora mini hular manomi ya zaunar da ni a kujerar mai sito. Ina iya jira ne saboda babu wanda ke cin tuwo a gidana na cikin kwamfuta.

Akwai wanda ya gwada juya akalar. 3rd World Farmer ƙaramin wasa ne da ɗaliban wata jami'a a Kopanhagan suka fara haɗawa a 2005. Ana ba ka iyali da ɗan fili a wata ƙasar Afirka marar suna, ka zaɓi abin shuka, ka danna shekara ta juya, sai a gaya maka abin da ya same ka: fari, ko yaƙi, ko ɓarayi, ko faɗuwar farashi. Idan ka matsu a zo maka da tayin ajiye shara mai guba a gonarka. Ba zan ce ƙarya suka yi ba. Tsutsar nan mai cin masara ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, Togo na cikin ƙasashen da aka fara ganin ta, kuma a watan Yuni na 2022 aka sanya yankin da Dapaong take ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-hare, har wasu manoman kan iyaka suka bar gonakinsu. Amma wasan ya ba ni haushi fiye da sauran. Iyalin da ke ciki su kaɗai ne a duniya. Babu gayya, babu adashi, babu ɗa a Lome ko Kumasi mai aiko da ɗan abu, babu maƙwabcin da zai ara maka iri. An dawo mana da bala'i, an manta da yadda muke tsallake shi. Wanda ya san Afirka ta nan kaɗai zai yi mamakin yadda aka yi har yau akwai mai rai.

Wani zai ce wasa ne, me ya yi zafi? Ai wanda ya wuni a rana ba ya son ya dawo ya tarar da fari a wayarsa, kuma na yarda da wannan. Damuwata ita ce abin da wasa ke koyarwa ba tare da ya buɗe baki ba. Yaron da ya tashi a inda kowace shuka ke ninkawa zai iya ɗauka cewa wanda rumbunsa bai cika ba rago ne ko marar dabara. Irin wannan tunani ba ya tsayawa a waya. Yana bin mutum har ofis, har ranar da zai zauna yana yanke shawarar wanda ya cancanci bashi ko taki.

Ga shi kuwa kayan haɗa wasa mai kyau suna zube a ƙofar gidanmu. A ba ɗan wasa hadarin farko ya yanke shawara. A ba shi gayya, wadda idan ya ƙi zuwa ta wani, ranar tasa ya ga fili wayam. A sa masa bakunan da za su ci daga rumbu kullum, domin ya ji nauyin kowane dami da zai kai kasuwa. A sa zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga na ban-ruwa, ya fitar a shekarar yalwa, wataƙila ya karɓa a shekarar fari. Ga shanun makiyaya da ke iya zama taki bayan girbi ko rigima kafinsa. Ga tsoffin rumbunan laka da ke maƙale a kogunan dutsen Nok kusa da Dapaong, inda mutanen da suka ɓoye hatsinsu daga mahara. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016, saboda haka hannun da zai yi aikin yana nahiyar.

Kafin a samu wannan, ga shawarata ga mai son gwadawa. Stardew Valley ya cancanci kuɗinsa. Farming Simulator na mai son injuna ne kuma mai kwamfuta mai ƙarfi. Hay Day a buga shi, amma a riƙe aljihu. Wanda kuma ƙaninsa ko ɗansa ya kamu da ɗayansu, ya kai shi gona ranar maimai, ya miƙa masa fartanya.