Tsabtataccen Kwal: Nazarin Wata Kalma

Kalmar "tsabtataccen kwal" ta shigo rubuce-rubucenmu kan makamashi, kuma a ganina marubuta sun karɓe ta ba tare da sun auna nauyinta ba. Tsabta iri biyu ta cure wuri guda. Ta farko, wanke kwal da tace toka da farar wuta daga hayaƙinsa, an daɗe da iya ta. Ta biyu kuwa, kame iskar kabon mai ɗumama duniya kafin ta tashi sama, ita ce jan aiki. Tashar Petra Nova a Amurka ta fara kame ta a 2017, tana sayar wa rijiyoyin mai; da farashin mai ya faɗi a 2020, sai aikin ya tsaya shekara uku.

Ba cewa nake a juya wa kwal baya ba. Mu mutanen Burumburum mun san buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titin Doguwa, mun kuma san dajin Falgore ke biyan bashinsu. A Nijar, kwal ɗin Anu-Araran yana bai wa Agadas da Arlit lantarki tun farkon shekarun 1980, ana kuma gasa wani don girki, ko bishiya ta huta. Hujja ce mai ƙarfi, amma ta ceton daji ce. Kabon ɗin yana nan yana tashi. Marubucin da ya ce "tsabtatacce" ya yi shiru, rabin lissafi ya bai wa mai karatu, kuma da wuya ya tuna da ruwan Tiga, nan Bebeji, da aka gina wa tashar lantarki marar hayaƙi.