Likitocin Da Suka Share Hawayen Masu Yoyon Fitsari

Daga Ƙofar Na'isa zuwa Asibitin Murtala na Kano ba wata tafiya ba ce mai nisa, amma akwai matan da suka shafe shekaru cikin kunya da ƙyama kafin su taka ƙofar Cibiyar Laure da ke cikinsa. Doguwar naƙuda ce ta jawo musu yoyon fitsari: kan jariri ya tokare kwana da kwanaki, naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa ya mutu, ya bar kafa.

Asalin aikin magance wannan lalura yana Babbar Ruga ta Katsina, asibitin kutare a da. Can Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo maganin kuturta, sai halin waɗannan mata ya ja hankalinsa, ya fara yi musu tiyata a 1984.

Abin da ya fi cancantar jinjina shi ne yadda shi da ma'aikatansa suka riƙa rubuta bayanin kowace majiyyaciya: girman kafar, inda take, yadda ta warke. A da, sai mace ta jira wata uku kafin a taɓa ta. Binciken da ya wallafa a 2004 kan mata 1,716 ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari da wuri, mafitsara ta huta na 'yan makonni, kusan kashi 15 cikin 100 na warkewa ba tare da wuƙa ba.

Nas-nas ɗin da ke duba robar dare da rana, suna lallashin majiyyata su sha ruwa da yawa, su ma aikinsu ne. Likitocin da aka horar a Kano da Katsina yanzu suna wannan tiyata a Sakkwato, Zariya da Jamhuriyar Nijar.